Daga "borrow me" zuwa kwalbar feshi: Tambayoyin Turancin da ke ɗaure wa ɗaliban Funtuwa da Malumfashi kai

Da zarar ruwan shuka ya sauka a kudancin Jihar Katsina, shagunan maganin feshi a Funtuwa da Malumfashi da Bakori sukan cika maƙil da manoma. Mutum zai sayi kwalba biyu ko uku, mai shago ya yi masa bayani da baki cikin hayaniyar ciniki, ya ɗaure kayansa a bayan babur ya kama hanyar ƙauye. Kafin ya isa gida rabin bayanin ya zube a hanya. Daga nan sai a kira yaron gidan da ke babbar sakandare, a miƙa masa kwalbar, a ce tunda shi ne ɗan boko ya karanta abin da ke jikinta.

Yaron zai haɗa haruffan tsaf. Inda gizo ke saƙa shi ne in aka ce ya faɗi bambancin "pre-emergence" da "post-emergence", ko na "selective" da "non-selective". Na farko ana fesa shi bayan shuka kafin ciyawa ta tsiro, na biyu kuma sai ta fito. Wanda aka rubuta wa "selective" yana zaɓen abin da zai kashe, kamar atrazine da ke ƙyale masara da dawa amma ya illata wake da waken suya. "Non-selective" irin su glyphosate ba ruwansa da zaɓe, duk ɗanyen ganyen da ya taɓa ya tafi, har da masarar da aka ci bashi aka shuka. A bakin manomi kuwa duka sunansu ɗaya, magani, kamar yadda na zazzaɓi da na ƙwari da na ɓera duk magani ne. Turanci ya rarraba su, kowanne da sunansa: "medicine", "insecticide", "herbicide", "poison".

Duk wanda ya taɓa koyar da Turanci a wannan yanki, a makarantar gwamnati ne ko a ajin lesin na yamma da ake cika shi gab da jarrabawa, ya san tambayoyin ɗalibai ba su da yawan iri. Su ne dai suke dawowa shekara bayan shekara, daga Ɗandume har Ƙafur. Dalili kuwa a fili yake. Tambayoyin suna tsirowa ne a daidai wuraren da Hausa da Turanci suka saɓa wajen kasa abubuwa. Ɗalibi yana ƙulla tunaninsa da Hausa, sannan ya nemo kalmomin Turanci ya jera a kan wannan ƙullin. Shi ya sa kuskurensa yake da tsari, kuma malamin da ya san Hausa sosai zai iya nuna masa da yatsa inda kuskuren ya samo asali.

Abin da ke rataye a wuyan ɗalibi

Maganar ta wuce ta burgewa a majalisa. Ba a shiga jami'a a Najeriya ba tare da kiredit a Turanci ba, ko da mutum Hausa ko Larabci zai karanta. A jarrabawar JAMB, tambayoyi 60 daga cikin 180 na Turanci ne, kuma darasin dole ne a kan kowa. A WAEC ana son ɗalibi ya rubuta insha'i mai kalmomi kimanin 450, kuma daga cikin makin da ake bayarwa akwai maki 10 da aka ware wa tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren nahawu ko na rubuta kalma ko na alamar tsayawa ke cinye rabin maki. Kuskure ashirin sun share goman nan tas. Wanda ya taɓa duba takardun ɗaliban ajin ƙarshe ya san ana iya haɗa ashirin ɗin kafin a juya shafi.

A shekarar 2025 ma takardar Turanci ce ta fi kowacce tayar da ƙura. A watan Mayu ɗalibai a jihohi da dama sun rubuta ta da dare da hasken tocila saboda jinkirin kai takardun tambayoyi. Da sakamako ya fito a watan Agusta, WAEC ta fara cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a faɗin ƙasa, bayan 'yan kwanaki ta ce an sami kuskure wajen duba wasu takardu, ta mayar da adadin kashi 62.96. Ko da gyararren adadin aka ɗauka, fiye da ɗalibi ɗaya cikin uku bai tsallake ba.

Ɗaliban wannan yanki kuma suna shiga jarrabawar da gurbin karatu a bayansu. An rufe makarantu saboda annobar korona a 2020, shekarar ba ta ƙare ba aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba, gwamnatin jiha ta sake rufe makarantun kwana. A 2021 aka katse layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Yaran da ke firamare a lokacin su ne ke sakandare yau.

Aro da rance

Babu ajin da ba a jin "borrow me your biro", kuma babu malamin da bai gaji da gyara ta ba. Ɗalibi yakan tsaya ya tambaya, to mene ne laifinta? Amsar da aka saba ba shi ita ce "lend" ake cewa, shi ke nan, ya hardace. Gobe ya sake.

In aka koma gida aka duba, sai a ga Hausa ma kalmomi biyu gare ta a nan, amma ba a wuri ɗaya ta yanka da Turanci ba. Bahaushe yana raba aro da rance. Fartanya ko buhu ko keke ana aronsu, domin su ɗin dai za a mayar. Kuɗi ko tiyar masara ana rantarsu, domin madadinsu za a biya. Wanda ya bayar da wanda ya karɓa kuwa kalma ɗaya suke amfani da ita: na ari fartanya, ara mini fartanya, na ranci kuɗi, ranta mini kuɗi. Bature bai damu da ko abin ne zai dawo ko madadinsa ba. Abin da ya dame shi shi ne hannun wa ke miƙawa, hannun wa ke karɓa. Mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend". Saboda haka "borrow me" a kunnensa tamkar mutum ya ce a ɗauke shi ne aro a tafi da shi. Ɗalibin da aka yi wa wannan bayani sau ɗaya da wuya ya sake mantawa.

Manoman yankin sun san kalmar ta wata ƙofar, tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a 2015, wanda daga baya ya haɗa da masu noman auduga da masara. Sunan shirin da kansa ya faɗi cewa rance ne, ko da yake rashin biyan da ya dabaibaye shi ba a nahawu ya samo asali ba.

'Yar uwarta wajen rikitarwa ita ce "credit". A makaranta ita ce makin da ake nema ido rufe. A waya ita ce kuɗin kira. A saƙon banki tana nufin kuɗi sun shigo, "debit" kuma sun fita. A shagon taki kuwa in aka ce "on credit", bashi ake nufi. Kalma ɗaya ce, a wani wurin murna a wani wurin ɗawainiya, kuma sai an duba abin da ke kewaye da ita kafin a san wacce ce.

A wani lokacin Hausa ce mai dunƙulewa, Turanci ya warwatsa. "Ji" a Hausa tana ɗaukar sauti da wari da ɗanɗano da ciwo da fahimta. Daga nan ne ake samun "I hear smell" da "I don't hear English", alhali Turanci na son "smell" ga hanci, "taste" ga harshe, "feel" ga jiki, "understand" ga ƙwaƙwalwa. Haka "sha". Ana shan ruwa, ana shan ƙwayar magani, ana shan taba, ana shan raken Ɗanja, ana shan wahala. A Turanci ruwan ne kaɗai ake "drink". Magani "take" ne, taba "smoke", rake "chew", wahala "suffer". Ita ma "rake" ɗin, in ɗalibi ya gamu da ita a littafin Turanci, manjagara ce. "Ci" ba a magana: an ci tuwo, an ci jarrabawa, an ci zaɓe, an ci kasuwa, an ci amana, kowanne da tasa kalmar a can.

Aikatau mai sauya riga

Mafi yawan jan biron da ke kan takardar insha'i a kan aikatau yake sauka. A Hausa aikin nuna lokaci yana kan ɗan wakilin sunan da ke gaban aikatau ne: na shuka, zan shuka, nakan shuka, ina shukawa. Jikin kalmar kusan bai motsa ba. Turanci kuwa a jikin aikatau ɗin yake ɗora alamar. "Plant" ta koma "planted", wannan da sauƙi. Amma akwai wasu kusan ɗari biyu da ba sa bin ƙa'idar, kuma su ne aka fi amfani da su kullum: "go, went, gone", "buy, bought", "sell, sold", "grow, grew, grown". Waɗannan babu dabara, sai hadda da yawan ji, kamar yadda ba wanda ya koyi cewa jam'in akuya awaki ne ta hanyar ƙa'ida.

Ɗalibin da ya wahala ya hardace "went" sai kuma ya rubuta "did you went". In aka ja masa layi ya ce ai abin ya wuce ne. Gaskiyarsa, ya wuce, sai dai "did" ta riga ta ɗauki alamar shuɗewar, Turanci kuma ba ya ɗora kaya biyu a jaki ɗaya a nan. Wannan ma ya fi kusa da tsarin Hausa, inda ɗan ƙaramin abin da ke gaba ke ɗaukar lokaci, aikatau ya zauna yadda yake.

Tambayar da ta fi ba malamai wuya ita ce bambancin "I sold" da "I have sold". Hausa "na sayar" ce duka biyun. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba ko an ambaci lokacin da ya riga ya rufe. In aka ce jiya, ko bara, ko ranar kasuwar da ta wuce, "sold" ce kawai. In ba a ambaci lokaci ba, kuma abin da ake son nunawa shi ne halin da ake ciki yanzu, wato rumbu ya zama wayam, to "have sold" ce. Shi ya sa "I have sold it yesterday" ke cin rabin maki. Wani lokacin "riga" takan taimaka, domin "na riga na sayar" kusan kullum "have" take nema.

Sai kuma "ina da", wadda ke haifar da "I am having two farms". Ɗalibi ya koyi cewa "ina" ita ce "I am" mai tafiya da "-ing", ya ga "ina tafiya" ta ba shi "I am going", sai ya bi sawu. Turanci kuwa yana ware kalmomin mallaka da sani da so da fahimta, ba ya yi musu wannan siga sai da wani dalili na musamman. "I have", "I know", "I want", "I understand".

Buhu goma

A kasuwar hatsi ta Ɗandume ko ta Funtuwa ba wanda ke cewa buhuna goma in ana ciniki. Buhu goma ne, tiya biyar, kwando ashirin na tumatir. Adadin ya riga ya nuna yawa, Hausa ba ta tilasta a maimaita. Turanci yana tilastawa, "ten bags". Ɗan harafin "s" ɗin nan da ke ƙarshe shi ne abin da ɗalibai suka fi yar wa a hanya.

Da an matsa musu a kan "s" kuma sai su zuba ta inda ba a so. Hausa na da shawarwari da bayanai da kayayyaki, don haka ɗalibi bai ga abin da zai hana "advices" da "informations" da "equipments" da "furnitures" ba. Turanci yana ɗaukar waɗannan kamar ruwa ko gari, abin da ake aunawa ba a ƙirgawa. In ana son ɗaya sai a ce "a piece of advice". "Maize" da "rice" da "cotton" ma haka. "Cattle" kuwa jam'i ce tun asali, kamar shanu, ba ta buƙatar ƙari.

Nan ne kuma "a" da "the" suke faɗuwa. "Ni manomi ne" ba ta buƙatar komai, sai ta fito "I am farmer". Amma Hausa ba ta rasa makamancinsu ba. Wani mutum ya zo, mutumin ya zauna. Wata mota ta tsaya, motar ta lalace. "Wani" da "wata" suna aikin "a", "-n" da "-r" na ƙarshe suna aikin "the". Bambancin kawai shi ne Hausa na iya barinsu in ta ga dama, Turanci kuwa suna tilo da ake ƙirgawa ba ya fita tsirara.

Akwai guda ɗaya da haɗarinta ya wuce na jarrabawa. In aka tambayi Bahaushe, ba ka sha maganin ba? Zai ce e, yana nufin haka ne, bai sha ba. In likita ko ma'aikacin banki ko lauya ya yi irin tambayar da Turanci, "Didn't you take it?", amsar "yes" na nufin ya sha. Hausa na amsa wa maganar mai tambaya ne, Turanci na amsa wa abin da ya faru. 'Yan matan da ke burin shiga makarantar ungozoma ta Malumfashi suna da buƙatar sanin wannan tun kafin su riƙe katin mara lafiya. Mafita ita ce a cika amsar: "No, I didn't."

Jarrabawar baki da ake yi da fensir

Takarda ta uku a Turancin WAEC ta furuci ce, tambayoyi 60, amma ɗalibi ba ya buɗe baki. Ana ba shi kalma a ce ya zaɓi wadda ke da sauti irin nata, ko ya nuna gaɓar da ake dannawa. Wanda bai taɓa jin bambancin sautukan da kunnensa ba sai dai ya yi canke.

Hausa na da sauti ɗaya a wurin da Turanci ke da "p" da "f". Ana yin sa da leɓɓa biyu, wani lokacin ya karkata nan, wani lokacin can, wani lokacin ya zama "h". Ko sunan garin, wani ya ce Funtuwa wani ya ce Huntuwa, kuma ba a ɓata ba. A Turanci "pan" da "fan", "pull" da "full", "copy" da "coffee" kalmomi ne daban. Gyaran a baki yake: "f" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, "p" leɓɓa ne ke haɗuwa su fashe. Haka "v" da "b", inda "vote" ke komawa "boat". Sautin "th" kuwa Bahaushe kan mayar da shi "s" ko "z", ɗan kudu ya mayar da shi "t" ko "d". Farfesa Munzali Jibril ya yi nazarin irin waɗannan bambance-bambance na Turancin arewa da na kudu a digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster tun 1982. Kowane ɓangare da nasa, sai dai na Bahaushe ne aka fi mayarwa abin barkwanci, kuma tsoron dariyar nan ya rufe bakin yara da yawa a aji.

Abin da ba a cika gaya wa yaran ba shi ne suna da jarin da wasu ba su da shi. Hausa na rarrabe dogon wasali da gajere, shi ne ke raba garin da ake zama da garin da ake tuƙawa. Kunnen da ya saba da wannan ba zai sha wuya da "ship" da "sheep", ko "full" da "fool" ba.

Wahalar gaske tana inda baƙaƙe suka yi cincirindo. Hausa ba ta son baƙi biyu su fara kalma, sai ta cusa wasali a tsakani. Kalmomin da suka shigo tun zamanin da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaura Namoda ana jidar auduga da gyaɗa, duk sun bi ta wannan injin: "bread" ta zama burodi, "brake" birki, "screwdriver" sukudireba. Waɗannan kalmomin aro taimako ne, amma wasu sun sauya ma'ana a hanya. Mashin a nan babur ne, "machine" kuwa kowane irin inji. Mota daga "motor" ta fito, amma "car" ake cewa. Lemo na iya zama na zaƙi ko na kwalba, "lemon" kuwa mai tsami ne kawai.

In ɗalibi ya tambayi dalilin da ya sa "though" da "through" da "tough" da "cough" suke kama a ido amma kowacce da furucinta, bai kamata a ce masa haka Allah Ya yi su ba. Turanci na da sautuka kusan 44 da haruffa 26 kacal. Ya kwashi dubban kalmomi daga Faransanci bayan mamayar 1066. An kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, furucin mutane kuwa ya ci gaba da sauyawa. Bokon Hausa da aka daidaita a ƙarni na 20 ya fi shi gaskiya nesa ba kusa ba, kusan abin da aka faɗa shi ake rubutawa. Waya ta ƙaro wani ruɗanin, domin ita "color" da "center" na Amurka take nuna wa yaro, makaranta kuma ta saba da "colour" da "centre" na Ingila. Ko a gona haka ne, masara "maize" ce a Ingila, "corn" a Amurka, dawa kuma "guinea corn" a nan, "sorghum" a littafin kimiyya.

Wane Turancin ne daidai?

Ɗalibai masu wayo sun fara kawo wata hujja. A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "Kannywood" da "okada" da "agric" da "next tomorrow". Daga baya "suya" da "japa" suka bi. To in "next tomorrow" na cikin ƙamus, don me za a ja mata layi? Ƙamus yana rubuta abin da mutane ke faɗa ne, har ya nuna a wace ƙasa ake faɗarsa. Mai duba jarrabawa kuwa da nasa ma'aunin yake zuwa. David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya fitar da littafi guda a 1991 a kan irin wannan Turancin na gida, kuma har yau ba a gama muhawarar matsayinsa a aji ba. Kafin a gama, ɗalibin da ke son kiredit gara ya rubuta "the day after tomorrow", ya bar ɗayar ga hira. Abin dariyar shi ne Hausa na da gobe da jibi da gata da citta, Turanci daga gobe sai kewaye-kewaye.

Babbar tambayar ita ce da wane harshe za a yi duk wannan bayani. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. A ƙarshen 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya sanar da tsawaita hakan zuwa shekara shida. A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, ya ce da Turanci za a riƙa koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa a yankunan da suka rungumi harshen gida. Masu sukar matakin sun ce ba a taɓa aiwatar da tsarin yadda ya kamata ba, babu littattafai, babu horar da malamai. Suna kuma tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

A ajin ƙauye a Faskari ko Sabuwa, sanarwar Abuja ba ta cika sauya abin da ke faruwa ba. Malami zai rubuta da Turanci a allo, ya juyo ya yi bayani da Hausa, domin in bai yi haka ba shi kaɗai zai yi ta magana. Abin da ya rage shi ne a daina yin hakan a ɓoye kamar laifi. Makarantar da ke cin tarar yaro don ya yi Hausa, sannan ta hana malami kwatanta aro da rance da "borrow" da "lend", ta jefar da makamin da ya fi kowanne kaifi a hannunta. Kayan aikin ma akwai su. Neil Skinner ya fitar da ƙamusun Turanci da Hausa tun 1965, Roxana Ma Newman ta fitar da nata a 1990, ita da Paul Newman kuma suka fitar da wani mai fuska biyu ta madaba'ar Jami'ar Bayero a 2020. Ba kasafai ake ganinsu a teburin malamin ƙauye ba.

Akwai tambayar da takan fito daga yaran da suka sami tarbiyya, musamman in aka zo darasin rubuta wasiƙa. Yaya za a ce wa mahaifi ko hakimi "you", kalmar da ake faɗa wa ƙane da abokin wasa? Hausa na da kai da ke da ku, kuma babba "ku" ake ce masa. Turanci ma ya taɓa samun irin wannan. "Thou" ce ta mutum ɗaya da na ƙasa, "you" ta jama'a da manya. A hankali "thou" ta mutu a bakin mutane, ta girmamawar ta rage. Ladabin sai ya koma cikin ginin jimla, a "please" da "could you" da "I would be grateful". Ɗalibin da aka ce ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa a kan lalacewar hanyar garinsu, hannunsa zai yi ta ƙaiƙayin ya fara da tambayar lafiya da iyali da gajiya da ruwa. A wasiƙar hukuma ta Turanci ba a yin haka. Daga "Dear Sir" sai kan magana, sai batun hanya a jimlar farko.